Ciwon da Muka Ɓoye wa Mai Shi

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya saukar da cuta ya kuma saukar da maganinta, ya bar mana wahalar nema. Sunana Hajara. Ƙauyenmu yana gaba da Gezawa kaɗan, inda gonar wani ke ƙarewa a gindin gonar wani. Karatuna bai wuce firamare da Islamiyyar matan aure ba, sana'ata kuma daddawa. Matan da ke zuwa saye sun ishe ni da tambaya, kowace sai na faro mata tun daga tushe har bakina ya gaji, shi ya sa na ce bari in zuba shi a takarda, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba. Labarin jinyar maigidana ne. Ba zan kama sunansa ba, Malam nake ce masa, ku ma ku ce Malam.

Abin ya faro ne da farkon damina, ana shuka. Malam mutum ne mai ci, ba ya raga wa tuwo, sai ga shi yana ture kwano bai kai rabi ba. Ni da saurin fushi, na ce ko miyar ce ba ta yi masa ba ya faɗa mini. Ya ce miya lafiya lau, cikinsa ne ya cushe. Daga nan tazugen wandonsa ya yi ta ƙara tsawo. Sai wani ciwo a ƙasan ƙirji wanda ke ratsawa har gadon baya, in ya taso masa sai ya duƙa a kan ƙotar fartanya ya ce a haka ya fi jin sauƙi. Muka ce gyambon ciki ne, muka sayo farin ruwan nan na kwalba a kemis.

Wata safiya ina miƙa masa buta, hasken rana ya faɗa a fuskarsa, na ga farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa. Fitsarinsa ya yi ja kamar shayin da ba a sa wa madara ba, bayan gida kuma ya koma fari-fari. Ga ƙaiƙayi. Kai, ƙaiƙayin nan! Da totuwar masara yake susa har jikinsa ya yi sawu-sawu.

Nan take garinmu ya cika da likitoci. Kowa ya leƙo sai ya ce shawara ce. Inna, mahaifiyarsu, ta sa aka haƙo saiwar rawaya aka jiƙa, ta kuma ja mana kunne: «Kada wanda ya kuskura ya kai shi asibiti. Shawara ba ta son allura, ana yi masa sai gawa.» Wannan ya ce a ba shi rake, wancan ya ce surace da ganyen gwanda. Akwai wani mai babur da lasifika da ke zuwa ranar kasuwa, kwalbarsa ɗaya tana maganin basir da shawara da sammu da rashin haihuwa. Shi ma ya ci kuɗin akuyata, Allah ya isa. Haka aka gama noman farko, Malam yana ƙara rawaya yana ƙara ramewa.

Ni ce na tayar da ƙayar baya. Na ce shawarar da ta sha rawaya tulu guda ba ta motsa ba, wannan ba irin wadda muka sani ba ce. Na samu Yaya Haruna, babban wan Malam, wanda tun rasuwar mahaifinsu shi ne uba a gidan. Yana harkar hatsi a Dawanau, ya fi mu sanin gari. In faɗi gaskiya tun yanzu, don a gaba zan yi ƙorafi a kansa: mutumin kirki ne, kuma ba wanda ya kai shi son Malam. Shi ya ɗauko mota ba tare da Inna ta sani ba. A ƙaramin asibitin kusa da mu aka ɗebi jini, aka shafa wa Malam wani abu mai sanyi a ciki aka ɗauki hoto. Suka ce hantarsa ba ita ce mai laifi ba, wani abu ne ya toshe hanyar ruwan matsarmama, mu wuce babban asibiti a birni.

Wanda bai taɓa bin layin babban asibiti ba bai san haƙuri ba. Layin kati daban, layin biyan kuɗi daban, ka kai gaba a ce mai karɓa ya tafi salla. Hoton da likita ya ce a yi, wanda ake tura mutum cikin wata na'ura mai baki kamar na rijiya, aka ce ta lalace, sai mun fita waje. Muka yi ta zarya tsakanin ƙauye da birni, Malam yana jingine da gilashin mota kamar tsumma. Duk da haka akwai na Allah a wurin. Wata mai shara ce ta riƙa nuna mini ƙofofi, ba ta taɓa karɓar ko sisina ba.

Ranar da sakamako ya fito, muna zaune a ƙofar likita aka kira azahar. Yaya ya ce wa Malam ya je ya yi alwala kafin layi ya zo kanmu. Yana juya baya Yaya ya tura ƙofa, ni kuma na bi shi tunda ambulan hoton yana hannuna.

«Likita, ni ne wansa,» in ji Yaya. «Ko mene ne, ni za ka gaya wa.»

Likitan Bakano ne, mai furfura kaɗan a gemu. Ya ɗaga hoton ya daɗe yana dubawa. Ya ce akwai wata tsoka doguwa a bayan tumbi, sunanta fankiriyas, ita ke fitar da ruwan da ke narkar da abinci, ita ke daidaita sikarin jiki. A kanta ƙari ya fito ya danne hanyar matsarmama. Sannan ya faɗi kalmar: daji.

Na zauna a ƙasa daɓas. Likita ya ce, «Baiwar Allah, ki saurare ni da kyau, ban gama ba. Yawancin masu zuwa mana da wannan ciwo sun riga sun makara. Shi bai makara ba tukuna. Ƙarin yana dab da wata babbar jijiyar jini, amma bai kama ta ba. In ya kama ta, wuƙata ba ta da sauran amfani. Aikin babba ne, akwai waɗanda ba sa tashi, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma maganar makonni nake yi muku, ba ta watanni ba.» Ya ce a kira Malam ya gaya masa da kansa, haƙƙinsa ne. Yaya ya haɗa hannu biyu yana roƙo, a bar mu mu shirya shi a gida, mu muka san halinsa. Likita bai so ba, na ga alama a fuskarsa. Da Malam ya shigo ya ce masa akwai abin da ya toshe hanya, sai an yi aiki kuma da gaggawa, sauran bayani wansa zai yi masa. Malam ya ce to.

A baranda Yaya ya ja ni gefe. «Kalmar nan ta tsaya tsakanina da ke. Ba a gaya wa mara lafiya irin wannan, fargaba ke kashe mutum kafin ciwo. Shawara ce mai ƙarfi, shi ke nan.»

Na amsa masa, don haka muka taso muka gani. Mu ko uwar mutum ce ta rasu yana nesa, ba ma ce masa ta rasu, sai mu ce jikinta ya yi tsanani ya taho. Tausayi ne, kuma ni ma a lokacin tausayin nake gani.

Muna komawa gida Malam ya ce aiki sai da kaka. Wanda ba manomi ba ba zai gane nauyin maganar nan ba. Mu komai namu sai da kaka: aure, rufin ɗaki, ɗinkin yara, har ziyarar dangi. Damina ba ta jiran kowa, kuma ba a taɓa dukiyar gida kafin a ga abin da gona ta bayar. Kullum da sassafe sai ya saɓa fartanya, rawaya fal idonsa, ya tafi maimai, wato noma na biyu. In Yaya ya ce masa su koma asibiti, sai ya ce, «Yaya, ba shawara kuka ce ba? Wa aka taɓa farke wa ciki saboda shawara ana tsakiyar damina? A bari dawa ta shigo gida.» Igiyar da Yaya ya murɗa da hannunsa ita ta ɗaure shi. Ni kuma na san dawa ba za ta shigo ba sai sanyi ya sauka, ga likita ya ce makonni.

Wai sirri! Yaya ya gaya wa matarsa, matarsa ta gaya wa ƙanwarta, kafin kasuwa ta zagayo duk garin ya sani ban da mai ciwon da Inna. Masu dubiya suka riƙa shigowa da doguwar fuska suna «Allah ya sa kaffara ne.» In suna hira a zaure Malam ya shigo sai kowa ya yi tsit. Mako ya wuce, wani ya bi shi. Gero ya yi ciki ya fara fitar da kai, ni kuma duk lokacin da na dube shi ta saman katanga sai gabana ya faɗi.

Na je gidan Yaya na durƙusa a bakin zaurensa. Na ce, «Yaya, lokaci yana tafiya. Mutumin nan ba zai yarda ba sai ya san abin da ake gudu.»

«A bi shi a hankali, Hajara. Ina lallaɓa shi.»

«Ciwon ba ya bin mu a hankali, Yaya.»

Ransa ya ɓaci. Ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba. Ya ce, «In kika faɗa masa zuciyarsa ta buga, alhakinsa yana wuyanki, kuma ke za ki tsaya gaban Inna ki yi bayani.»

Wallahi na ji tsoro. Ni bare ce a gidan nan ko da na haifi 'ya'ya shida a cikinsa, in abu ya ɓaci ni za a nuna da yatsa har in mutu. Amma haushi ya fi tsoron yawa. Na dawo gida na dama kunu na zuba a jug, na yafa mayafi da hantsi, na kama hanyar gona. Rabona da gonar nan tun roron waken bara.

Na same shi a gindin ɗorawa yana mayar da numfashi, fartanya a gefe. Da ya gan ni ya zabura. «Ke, lafiya?»

«Ba lafiya ba, Malam.» Na ajiye kunun na durƙusa. Duk kalaman da na tsara a hanya suka gudu, sai na faɗe ta tsirara. «Ciwonka ba shawara ba ne. Daji ne. Likita ya gaya mana ni da Yaya.»

Na runtse ido ina jiran ya faɗi. Sai na ji ya ce, «Na sani.»

Na buɗe ido. Yana kakkaɓe ƙasa daga gwiwar wandonsa.

«Ni yaro ne, Hajara? Mutumin da muka yi shekaru ba ma ga-maciji saboda iyakar gona ya tako har zaurena ya ce in yafe masa. Ke kina shiga madafi ki fito da jan ido ki ce hayaƙi ne. Yaya ba ya iya haɗa ido da ni. Na ce to, likita ya ce babu magani, aikin nan na rarrashi ne kawai don kada a ce ba a yi komai ba. Me zai sa in bari a sayar da shanu da gona a kan gawa? Gara in ƙarar da ɗan ƙarfin da ya rage in cika muku rumbu, in na tafi kada ku yi roƙo.»

Na ɗora hannu a ka na yi salati. Ashe duk fitar nan da yake yi da sassafe shirin mutuwa yake yi mana, mu kuma muna can muna taƙama mun rufa masa asiri. Na fashe da kuka, ina kukan ina masifa. Na ce, «Wa ya ce maka babu magani? Wa ya ce maka?» Na zayyana masa duk abin da likita ya faɗa, da jijiyar, da wuƙar, da makonnin, ban rage ko ɗaya ba.

Ya ɗago ya dube ni. Can ya ce, «Ya ce ana iya cirewa?»

«In an yi sauri. Bai ce tabbas ba. Ya ce wasu ba sa tashi.»

«Amma akwai hanya.»

«Akwai.»

«Tun yaushe kuka sani?»

«Tun ranar da Yaya ya tura ka alwala.»

Ban taɓa ganin fushi irin na ranar a fuskar Malam ba. Ya ce, «Kun cinye mini makonni ina nan ina yi wa kaina ta'aziyya.» Ya miƙe yana tangaɗi, ko kunun bai kalla ba, ya bar fartanyar a inda take ya nufi gidan Yaya. Ni na ɗauko ta.

Abin da suka faɗa wa juna ban ji ba, na dai ji muryoyi sun tashi sannan suka kwanta. Daga ranar Yaya ya daina amsa gaisuwata, sai dai ya ɗaga hannu. Amma washegari shi ya ja bajiminsa na kansa zuwa kasuwa. Malam ya ba da fadamarsa jingina, ni na sayar da sauran awakina da kwanukan da na tara wa 'yata. Malam da bakinsa ya shiga ya gaya wa Inna. Tsohuwar nan da muke tsoron za ta suma, sai ta ce, «To me kuke jira?» Ta kwance bakin zanenta ta miƙa masa abin da ke ciki.

Da muka koma, likita ya ce sai an sake hoto tunda an ɓata lokaci. Wannan jiran ya fi kowane ɗaci. Da hoton ya fito, Malam ya ja kujera ya zauna gaba da gaba da shi, ya ce, «Likita, ni ne mai cikin, da ni za ka yi magana.» Likita ya ce ƙarin ya matsa, amma da saura. Aka kwantar da shi, aka yi ta ɗirka masa allurai don jininsa ya riƙa daskarewa, shawarar da aka ce ba ta son allura kuma ko gezau. Aka ce mu kawo masu ba da jini. Samarin garinmu da ke iya ɗaga buhun gero da hannu ɗaya sai ga su suna noƙewa, wai jininsu zai ƙare. Sai da liman ya yi magana bayan sallar Juma'a, sannan mota guda ta cika. Allah ya saka musu, har da mutumin iyakar gona a ciki.

An shiga da shi da safe. Ni da Yaya muna kan benci ɗaya, shi a wancan bakin ni a wannan. Azahar ta wuce, la'asar ta wuce. Na san abin da ke ransa, na kuma san abin da zai biyo baya in aka fito da Malam a rufe. Na ja carbi har yatsana ya yi zafi. Rana ta yi ja sannan likita ya fito, hular aiki a hannu, duk ya jiƙe da gumi. Ya ce, «Mun cire. Ya jingina da jijiyar, sai da muka ɓanɓare shi a hankali, amma bai shige ta ba.» Ya ce sun cire kan fankiriyas ɗin da matsarmama da wani yanki na hanji, suka sake haɗa hanyoyin. Yaya ya rufe fuska da hannun babbar rigarsa, kafaɗunsa suna rawa.

Kada wanda ya ce muku daga an yi aiki an gama. Malam ya farka da roba a hanci, robobi a ciki, ko ruwa ba a ba shi. A mako na biyu zazzaɓi ya rufe shi, gefen ɗinkin ya fara tsatsafo da ruwa, aka ce sai an ƙara mana zama. Komai sai ka saya, har safar hannu da auduga. Tabarmata a baranda take, sauron asibitin nan kuwa ya san ni na san shi. Cikin masu jinyar akwai wadda in ta daka maka tsawa sai ka manta abin da ya kawo ka, akwai kuma wata 'yar siririya da ke juya Malam da hannunta tana ce masa Baba. Ita ce ta tilasta masa tashi ya taka, yana riƙe da ciki yana cije leɓe, daga gado zuwa ƙofa, washegari zuwa baranda.

Muna can gero ya nuna. Aka kira Yaya a waya aka ce an yi wa Malam gayya, an girbe gonar tas an ɗaure dammuna an kai gida. Da aka gaya masa ya juya fuska bango, ya daɗe bai juyo ba. A makon ne aka ba shi cokalin kunu na farko, kuma ya zauna.

Da muka dawo gida sai wani yaƙin ya tashi, na abinci. Likita ya ce kaɗan-kaɗan, sau da yawa, ban da maiƙo, kuma duk cin da zai yi sai ya haɗiyi wasu ƙwayoyi masu taya shi narkarwa. Ƙwayoyin nan tsada gare su, wani lokaci a zagaye birni ba a samu ba. Dangi kuwa kowa ya ga ƙasusuwan Malam sai ya aiko da farfesun kayan ciki mai yana iyo a kai, ko tuwo da man shanu, wai ya mayar da jiki. Shi kuma da kunya, ba ya iya mayar da kwanon mutum. Sau ɗaya ya ci, ya wuni yana zarya bayan gida. Daga ranar na zama mai gadin ƙofa, kwano ya shigo in karɓa in yi godiya in juye wa yara. Har aka fara cewa Hajara ta hana mijinta ci. Na ce a faɗa, bakin mutum ai nasa ne.

Da sanyi ya shigo aka fara ƙarin ruwan da suke kira kimo, don kashe abin da ido bai gani ba. Duk zuwa sai ya yi kwanaki yana amai, bakinsa ya yi gyambo, tafin hannunsa ya yi baƙi, yatsunsa suna masa kamar ana tsira allura. Rabin geron da aka yi wa gayya a nan ya tafi. Amma mutumin nan ko sau ɗaya bai ce a bari ba. Ranar zuwa shi ke riga ni shiri, kuma ya iya tambaya har likitoci suna dariya: wannan ruwan me yake yi, saura nawa, me zai biyo baya. Azumi ne kawai ya karya masa zuciya. Likita ya hana, liman ya ce ya ciyar, Allah ba ya son ya halaka kansa. Ranar farko da aka sha ruwa ba da shi ba, ya yi hawaye kamar ƙaramin yaro.

To jama'a, ga abin da na zauna rubutun nan dominsa. In idon mutum ya yi rawaya, yana ramewa, ga ƙaiƙayi, kashinsa ya yi fari, kada ku tsaya jiƙe-jiƙe. Ku je a ɗauki hoto. Ba kowace rawaya ce shawarar da muka sani ba, kuma ciwo bai san damina ba bare ya jira kaka. Sannan ku gaya wa mai ciwo ciwonsa. Ku zaɓi lokaci, ku zaɓi kalma mai taushi, amma ku gaya masa. Mara lafiya yana da ido, yana karanta fuskokinku, kuma abin da zai saƙa a ransa ya fi gaskiyar muni.

Da damina ta zagayo muka koma a sake hoto, mu uku. Malam ya ɗan ciko, ya fara zagaya gona da sanda yana ba yara umarni. Likita ya duba ya sake dubawa, ya ce bai ga komai ba. Muka yi hamdala. Ya ce amma wannan ciwo yana iya dawowa, ko bayan shekaru, don haka za a riƙa dubawa, kuma kada a yi wasa da ranar zuwa.

Da muka fito Malam bai nufi tasha ba. Ya tsaya a inuwar wata darbejiya ya juyo ya dube mu.

«Kun ji abin da ya ce. To ina son alkawari, a nan, kafin mu shiga mota. In ya dawo, kuka riga ni ji, ko da likita ya ce babu sauran dabara, ni za a fara gaya wa. A ranar, ba washegari ba.»

Yaya ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Ya ce, «Ni ba zan yi maka alkawarin da ba zan cika ba. A bayana na goye ka. Bakina ba zai iya ba.» Sai ya ɗago ya dube ni, karo na farko tun ranar zaure. «Ga mai iyawa nan. Hajara, ki ɗaukar mana.»

Na dubi Malam, da ramammen wuyansa da idonsa da ya koma fari tas. Na san abin da ake ɗora mini. Wancan karon labari mai hanya na kai masa, wannan kuwa in ya zo mai yiwuwa ba shi da ita, kuma ni ce zan durƙusa a gabansa in faɗa. Ina roƙon Allah kada ya kawo ranar, ku ma ku taya ni roƙo, Allah ya ba duk masu ciwo lafiya, ya ba masu jinya ƙarfin zuciya.

Na ce, «Na ɗauka, Malam.»

Muryata ta yi rawa. Ya ce in sake faɗa ya ji da kyau, na sake faɗa.